Lordstown: aiki ɗaya, albashi biyu

Lordstown ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin jihar Ohio ta Amurka, kusa da biranen Warren da Youngstown, yankin da ya yi suna wajen narka ƙarfe. A 1966 kamfanin General Motors ya buɗe masana'antar haɗa motoci a can. Ta yi shekara 53 tana aiki, ta fitar da motoci wajen miliyan 16, kafin a tsayar da layinta a watan Maris na 2019. Mai son ganin abin da mutum-mutumi da na'urori masu sarrafa kansu ke yi wa albashin ma'aikata da wuya ya samu wurin da ya kai nan. Tana cikin wuraren da aka fara jera mutum-mutumi masu walda a layin mota. A nan aka yi yajin aikin da ya yi suna a kan saurin layi. Kuma a nan ne, bayan shekara hamsin, aka ɗauki 'ya'yan yankin aiki a sabuwar masana'anta a kan kusan rabin abin da ake biya a tsohuwar.

An saba cewa idan na'ura ta shigo, mai ilimi ya haura, maras ilimi ya gangara. Da gaskiya a cikin maganar, amma a Lordstown ba a nan gizo ya yi saƙarsa ba. Babbar ɓarakar ta buɗe ne tsakanin wanda ya riga ya shiga ƙofa da wanda ya zo daga baya, alhali iliminsu ɗaya, aikinsu ɗaya, wani lokaci ma gidansu ɗaya.

Cinikin da aka ƙulla tun farko

A 1948, sannan a 1950, ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW ƙarƙashin Walter Reuther ta ƙulla yarjejeniya da General Motors wadda ta zama ginshiƙin albashi a masana'antun motocin Amurka shekaru masu yawa. Ta 1950 ta shekara biyar ce, ita ake kira Yarjejeniyar Detroit. Ma'aikaci ya samu ƙarin albashi duk shekara saboda ƙaruwar abin da masana'anta ke fitarwa, da wani ƙarin mai bin hauhawar farashi, da fansho. Ita kuma ƙungiya ta bar wa kamfani ikon tsara aiki: wace na'ura za a sayo, ina za a kafa ta, mota nawa layi zai fitar a awa guda. A taƙaice, ku kawo injin da kuka ga dama, mu dai a ba mu kasonmu.

Muddin kasuwa na faɗaɗa, cinikin ya yi wa kowa daɗi. Albashi a cikin masana'anta a matse yake. Tsakanin mai ɗaura taya da mai walda da mai fesa fenti, bambancin bai taka kara ya karya ba. Saurayin da ya gama sakandare zai iya shiga, ya sayi gida, ya aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya da fansho.

Mutum-mutumin masana'anta na farko, Unimate, wanda George Devol ya ƙirƙira, Joseph Engelberger ya kai kasuwa, ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey. Hannu ne guda na ƙarfe, aikinsa ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi ya jera. Ba wanda ya yi kukan rasa wannan aikin.

Daƙiƙa 36

A 1970 aka sake fasalin Lordstown don ƙera Chevrolet Vega, ƙaramar motar da General Motors ya fito da ita don ya tare Volkswagen da Toyota da Datsun. Aka kafa Unimate 26 a sashen walda, aka tsara layi ya riƙa fitar da mota 100 a awa, alhali abin da aka saba bai wuce 60 ba.

Sai an dubi aikin da kyau kafin a gane abin da ya canja. Jikin mota faranti ne na ƙarfe da ake haɗawa da ɗigon walda dubbai. Kafin mutum-mutumi, mai walda yana riƙe da wata ƙatuwar bindiga da ke rataye daga sama, mai baki biyu na tagulla. Zai jawo ta da hannu biyu, ya cusa gefen farantin tsakanin bakunan, ya danna, wuta ta narka wurin, tartsatsi ya watsu, ya matsa gaba ya sake. Yini guda a haka, cikin ƙara da hayaƙi. Aiki ne mai cin kafaɗa da huhu, amma yana buƙatar hannu da ido, kuma ba a koyonsa a rana ɗaya. Irin wannan aikin na'ura ta fara ɗauka, domin wuri ɗaya ne, motsi ɗaya, sau dubu. Daga baya fenti ya bi sahu.

Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne wanda ke buƙatar yatsu da lanƙwasa baya: jan wayoyi ta cikin ramuka, ɗaura kujeru, danna robar ƙofa, shiga cikin mota tana tafiya a ɗaure kusoshi a fito kafin ta wuce. A layi mai mota 60, mutum yana da minti guda cur. A layin Vega, daƙiƙa 36 gare shi. Sashen walda ba ya gajiya, ba ya zuwa bayan gida, don haka shi ya zama ma'aunin saurin kowa.

A watan Oktoba na 1971 aka miƙa masana'antar ga wani sashen gudanarwa na kamfanin da aka sani da tsanani. Ya sallami ɗaruruwan ma'aikata, ya raba aikinsu ga waɗanda suka rage. Motoci suka fara isa ƙarshen layi da kayan da ba a ɗaura ba, wasu da lalatattun kujeru da wayoyi. Shugabanni suka ce zagon ƙasa ne, ma'aikata suka ce lokacin ne bai isa ba. Ƙorafe-ƙorafe suka taru dubbai. A farkon Maris na 1972 reshen UAW mai lamba 1112, ƙarƙashin wani matashi Gary Bryner, ya tafi yajin aiki na kwana 22, abin da aka ƙiyasta ya jawo wa kamfanin asarar kimanin dala miliyan 150. Yawancin ma'aikatan ba su kai shekara talatin ba, wasu ba su daɗe da dawowa daga yaƙin Biyetnam ba. Maganar ta kai har Majalisar Dattawan Amurka.

Ba kan kuɗi aka yi yajin ba. Albashin awa bai ragu ko kaɗan ba, aikin da ke cikin awar ne ya ƙaru. An mayar da wasu da aka sallama, an soke horon da aka yi wa da yawa, amma saurin layi ya ci gaba da zama a hannun kamfani, kamar yadda aka amince tun 1950. Wannan shi ne bugun farko, kuma ba ya bayyana a takardar albashi.

Na ciki sun tsira, ƙofa ta ƙuntata

Kowane mutum-mutumi yana buƙatar mai kula da shi. A masana'antun motocin Amurka akwai rukunin ƙwararru: masu lantarki, masu haɗa bututu, masu kafa injuna, masu ƙera ma'aunai da kayan aiki. Kafin mutum ya shiga cikinsu sai ya yi kusan shekara huɗu yana koyo, awa 8,000. Da na'urori suka yawaita, darajarsu ta ƙaru, domin idan hannu ɗaya ya tsaya a sashen walda, layin gaba ɗaya ya tsaya, kowane minti kuma asara ce. Sama da su akwai injiniyoyi da masu rubuta wa na'ura umarni, waɗanda yawancinsu ba sa cikin ƙungiya.

Duk da haka, a cikin yarjejeniyar ƙungiya, tazarar ƙwararre da ɗan layi ba ta yi faɗin da ake zato ba. Har zuwa 2023 'yan daloli ne a awa tsakaninsu. Ƙungiya ta riƙe su kusa da juna da gangan, kuma ta cancanci yabo a kan haka.

A shekarun 1980 shugaban General Motors, Roger Smith, ya zuba biliyoyin daloli a na'urori. A 1982 ya haɗa gwiwa da kamfanin Fanuc na Japan don ƙera mutum-mutumi. Sabuwar masana'antar Hamtramck da aka buɗe a 1985 ta sha fama da na'urorin da ke fesa wa junansu fenti suna fasa gilasan motoci. A daidai lokacin, masana'antar haɗin gwiwa da Toyota a Fremont ta jihar Kalifoniya, da na'urori kaɗan da tsoffin ma'aikatan UAW, tana fitar da motoci mafi inganci. Kason General Motors a kasuwar Amurka ya sauko daga kusan kashi 45 cikin ɗari zuwa kusan 35 a cikin shekara goma. Ke nan ana iya kashe kuɗin na'ura, a rage mutane, riba kuma ba ta zo ba.

Tsoron wannan guguwa ya sa a 1984 ƙungiya ta samo wani tsari: duk wanda sabuwar fasaha ta raba da aikinsa ba za a kore shi ba, zai ci gaba da karɓar kusan kashi 95 cikin ɗari na albashinsa har a sama masa wani wuri. Kariya ce ta gaske, ta kuma ceci gidaje da yawa. Sai dai kamfanin da ba zai iya kora ba yana da wata hanya mai sauƙi, wato ya daina ɗauka. Tsoho ya yi ritaya, ba a maye gurbinsa. Wani aikin kuma a fitar da shi waje ga kamfanonin kayan gyara masu biyan ƙasa da haka. A 1999 aka yanke sashen kayan gyara gaba ɗaya ya zama kamfanin Delphi, wanda ke da manyan masana'antu a Warren, maƙwabciyar Lordstown. A 2005 Delphi ya durƙushe, aka zaftare albashin ma'aikatansa.

Lissafin yajin aiki kaɗai ya isa ya nuna yadda ƙofar ta ƙuntata. A yajin 1970 ma'aikatan General Motors sama da 300,000 ne suka fita. A na 2007, kimanin 73,000. A na 2019, kimanin 48,000. Ita kanta UAW tana da mambobi miliyan ɗaya da rabi a 1979, a 2023 ba su kai 400,000 ba. Ba za a ɗora wa mutum-mutumi wannan duka ba. Akwai motocin Japan da Koriya, akwai masana'antun da aka kai Meziko da jihohin kudu marasa ƙungiya, akwai kurakuran shugabanni. Amma na'ura ce ta sa aka iya fitar da motoci masu yawa da hannaye kaɗan, ita ta kwashe ayyukan tsakiya da ke buƙatar gwaninta, ta bar waɗanda ake koya cikin 'yan kwanaki. Wanda ake iya maye gurbinsa cikin mako guda, ga kuma ɗaruruwa a bakin ƙofa suna jira, ba shi da bakin ciniki.

2007

A wannan shekarar kamfanin na tafka asara, ƙungiya kuma ta tsinci kanta gaba kura baya sayaki: ko a taɓa albashi da lafiyar mambobinta da 'yan fanshonta, ko a nemo inda za a rage. Aka nemo. Tsohon ma'aikaci ya ci gaba da karɓar kimanin dala 28 a awa. Sabon ɗauka zai fara da kimanin dala 14, babu fansho irin na da, babu kula da lafiya bayan ritaya. Da farko an ce wasu ayyukan gefe kawai tsarin zai shafa, amma bayan kamfanin ya shiga kariyar fatara a watan Yuni na 2009 gwamnati ta ceto shi, sai ya bazu. Tsarin riƙe albashin wanda fasaha ta kora ma a 2009 aka binne shi.

A yi lissafi. Dala 14 a awa, awa 40 a mako, mako 52, bambancin ya haura dala 29,000 a shekara. Mutum biyu, ɗaya a ƙofar dama ta mota, ɗaya a ta hagu, roba iri ɗaya suke dannawa cikin daƙiƙu iri ɗaya. A ƙarƙashinsu kuma ga ma'aikatan wucin gadi, waɗanda kan yi shekaru ana kiransu na wucin gadi, ga 'yan kwangila masu share wuri da jigilar kaya zuwa layi. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami, ƙarami a kan wanda ya fi shi ƙanƙanta.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a labarin. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyar duk na ciki ne. Waɗanda za su ɗauki nauyinta ba su da ƙuri'a, domin ba a ma ɗauke su aiki ba tukuna, wasunsu suna makaranta. Ban ga laifin uban da ya kare fanshonsa bayan shekara talatin a layi ba. Amma tsarin da ya sa shi zaɓi tsakanin tsufansa da ƙuruciyar ɗansa, alhali masana'antar na fitar da mota da hannaye kaɗan fiye da kowane lokaci a baya, tsari ne da ya kauce hanya. A 2015 aka buɗe wa 'yan rukuni na biyu hanyar kaiwa albashin sama, amma sai sun yi shekara takwas.

Binciken masana ya zo daidai da abin da aka gani a nan. Daron Acemoglu da Pascual Restrepo sun bi yankunan Amurka daga 1990 zuwa 2007, suka gano cewa ƙarin mutum-mutumi ɗaya ga kowane ma'aikata dubu yana rage albashi da kimanin kashi 0.42 cikin ɗari, yana kuma rage yawan masu aiki, kuma bugun ya fi sauka a kan masu aikin hannu mai maimaituwa da waɗanda ba su yi jami'a ba. A wani binciken da suka fitar a 2022 sun danganta kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na sauyin tsarin albashin Amurka tsakanin 1980 da 2016 ga faɗuwar irin waɗannan rukunai a masana'antun da na'urori suka mamaye. A Jamus, inda mutum-mutumi ya fi yawa a kan kowane ma'aikaci, Wolfgang Dauth da abokan aikinsa sun duba 1994 zuwa 2014. Na ciki ba su rasa aiki ba, da yawa an sake horar da su a kamfani ɗaya, amma guraben matasa masu shigowa sun ragu, suka karkata zuwa wasu sana'o'i. Ko a can ma ƙofar ce ta ƙuntata. Bambancin shi ne majalisun ma'aikata na cikin masana'antu da yarjejeniyoyin da suka game sashe gaba ɗaya sun rage zafin faɗuwar.

Rufewa, da abin da ya biyo

Motar ƙarshe da Lordstown ta ƙera ita ce Chevrolet Cruze. A 2016 ma'aikata kusan 4,500 ne ke aiki zubi uku, safe da yamma da dare, a wurin da ya taɓa ɗaukar sama da 10,000. Amurkawa suka juya wa ƙananan motoci baya. Aka soke zubi na uku a Janairun 2017, na biyu a Yunin 2018, a daidai lokacin da kamfanin ya tabbatar cewa a Meziko zai ƙera sabuwar motarsa ta Blazer. A Nuwamba aka sanar cewa ba a ware wa masana'antar wata mota ba. Ranar 6 ga Maris 2019 Cruze ta ƙarshe ta fito. Yajin kwana 40 da aka yi daga Satumba zuwa Oktoba na shekarar bai dawo da ita ba. Masu shekaru a aiki aka ba su zaɓin komawa wasu jihohi, da yawa suka tafi suka bar iyali a baya.

A watan Disamba na 2019 General Motors da kamfanin LG na Koriya ta Kudu suka sanar da gina masana'antar batirin motocin lantarki ta dala biliyan 2.3 a gefen tsohuwar, da sunan Ultium Cells. Ta fara aiki a 2022. A ciki, injuna ne ke dama sinadarai, su shafa su a kan siraran faifan ƙarfe, su busar, su yanka, su jera, su rufe. Ma'aikaci yana sanye da rigar kariya a ɗaki mai busasshiyar iska, idonsa a kan allo, yana ɗora naɗi, yana cire abin da ya maƙale, yana duba inganci. Idan ya yi sakaci, kayan dubban daloli sun lalace. Sinadaran kuma ba abin wasa ba ne. A 2023 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta nemi cin tarar masana'antar kimanin dala 270,000 bayan bincike kan fashewa da gobara.

Albashin farawa dala 16.50 ne a awa, a lokacin da na sama a layin General Motors ya ɗan haura dala 32. Dalilin ba ya cikin injin. Tunda masana'antar ta haɗin gwiwa ce, a takarda wani kamfani ne daban, don haka babbar yarjejeniyar da ke tsakanin UAW da General Motors ba ta shafe ta ba. Wurin da ke cike da na'urori shi ne ke biyan kaɗan, aikin kuma bai fi na da sauƙi ba.

A Disambar 2022 ma'aikatan suka zaɓi shiga UAW da ƙuri'a 710, masu adawa 16. Ranar 15 ga Satumba 2023 ƙungiyar, ƙarƙashin sabon shugabanta Shawn Fain, ta fara yajin aiki a kan kamfanonin motoci na General Motors da Ford da Stellantis a lokaci guda, kuma soke rukunin albashi na cikin manyan buƙatunta. Bayan kimanin mako shida aka samu ƙarin kashi 25 cikin ɗari a tsawon yarjejeniyar, aka dawo da ƙarin da ke bin hauhawar farashi, aka rage shekarun kaiwa albashin sama daga takwas zuwa uku, aka shigar da ma'aikatan Ultium ƙarƙashin babbar yarjejeniya. Tsoffin ma'aikatan Lordstown da aka warwatsa aka ba su damar dawowa gida da albashinsu. A Yunin 2024 ma'aikatan batirin suka amince da yarjejeniyar da za ta kai albashinsu dala 35 a awa kafin wa'adinta ya cika. Injunan da ke ciki su ne dai na jiya, albashin kuwa zai ninka.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Waɗanda aka ɗauka bayan 2007 ba a mayar musu da fansho irin na iyayensu ba, sai dai an ƙara kason da kamfani ke zuba musu a asusun ritaya zuwa kashi 10 cikin ɗari. Yarjejeniyar 2024 ta shafi ma'aikata kimanin 1,600 ne kawai, sauran 'ya'yan yankin suna ɗakunan ajiyar kaya da ƙananan kamfanonin kayan gyara, inda babu mai yi musu ciniki. Buƙatar da ta fi kusa da tushen matsalar, wato a rage makon aiki zuwa awa 32 ba tare da rage albashi ba don lokacin da na'ura ta ceto ya koma ga ma'aikata, an ajiye ta kafin a sa hannu. Babbar yarjejeniyar za ta ƙare ranar 30 ga Afrilu 2028, kuma Fain ya nemi sauran ƙungiyoyin ƙwadago su daidaita wa'adin nasu da wannan rana.